Ƙasimu Turken Sabis

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ina gajiyar zama, tunda ke ba ki san ta hanya ba?"

"Babu gajiya. Sai yanzu, bawan gidanmu? Tun hantsi na aike ka Gumel, ko ta Agadas ka biyo?"

"Wa ya aike ni? Alfarma na yi wa Kawu. Ke ko gyaɗar miya ba ki isa ki aike ni saye ba."

Ƙasimu ke nan da Mahbuba, a tsakar gidan Kawu Manu da ke Ɗanzomo. Shi ɗan ƙanwar Kawu ne, yana tuƙa adaidaita a Gumel. Ita kuma 'yar Kawun ce, malamar firamare. Taubasai ne tun na goye, kuma har yau ba su gama shari'ar wane ne bawan wani ba.

Amma aiken yau ba na wasa ba ne. An yi wa Sirajo, babban ɗan Kawu, haihuwar 'ya mace a Damagaram, yau suna. Kawu ba shi da ƙafar tafiya, ga yanar ido ta fara rufe masa gani, in an nuna masa hoto a waya sai ya ce haske kawai yake gani. Shi ne Mahbuba ta kakkaɓe tsohuwar kwamfutar da Sirajo ya bari, mai faffaɗan allo da ɗan idon kyamara a samansa, ta jawo mata wuta daga solar maƙwabta. Abu ɗaya ya rage, tsohuwar ba ta kama waifai sai an soka mata ɗan abin kamawa, kuma shi Ƙasimu ya je saye. Sirajo ya ce zai kira bayan la'asar. Da asuba zai ɗau hanyar arewa da babbar mota, wayarsa kuwa ita kaɗai ce mai kallo a gidansa. Idon Kawu kuma ba jiran dawowarsa yake ba.

"Ina saƙon?" in ji Mahbuba.

Ƙasimu ya zaro wani ɗan baƙin abu daga aljihu, bai kai ɗan yatsa ba, da 'yar eriya a kansa. "Ungo. Da hannu biyu, ki kuma rusuna."

"Wannan ɗan buzuzun? Ina kwalinsa?"

"Na jefar. Miya za ki yi da shi?"

Ta harare shi, ta shige ɗaki, ya bi ta. Ta sunkuya bayan kwamfutar ta soka abin. Kwamfuta ta yi ɗan ƙara, wani rubutu ya leƙo a gefen allo ya koma. Mahbuba ta duba ƙasan allon inda alamar waifai za ta fito, babu komai.

"Ta ce ba ta san shi ba."

"Ai gado ta yi. Gidan nan ba ku san baƙo ba. Tun da na shigo ko ruwa an ba ni?"

"Randa na nan inda ka saba wanke ta. Tsaya. Babu wani ɗan faifai a cikin kwalin?"

Ƙasimu ya sosa ƙeya. Akwai faifai mana, ɗan ƙarami, mai sheƙi, in rana ta haska shi sai launuka su tashi. A ƙofar shagon ya gan shi, ya ce kai, wannan mai shago ɗan halak ne, har da gyara. Nan take ya zura masa zare ya rataye shi a jikin madubin adaidaita, ya taho yana kallon yadda yake lilo yana jin daɗi.

"Faifai? Wane irin faifai kuma?"

"Kalle ni nan. Tun muna yara in za ka yi ƙarya kunnenka na hagu motsi yake. Ga shi can yana rawa."

"To gyara ce aka yi min! Kuma duk ƙasar Gumel kowa ya sani, gyara ta ɗan aike ce. In an aiki mutum sayen ƙuli aka ɗora masa ɗaya, uwar gida yake kai wa?"

"Au, ka dai yarda kai ɗan aike ne."

"Ban yarda ba, misali na kawo."

"Gyara! Inna lillahi. Manhajar da za ta gabatar da abin ga kwamfuta tana cikin faifan nan. In babu shi, abin da ka sayo sai dai a yi wa akuya ɗan kunne da shi."

"Ke da kike malama, ki sauko da ita daga intanet mana."

"Da wane intanet ɗin? Ɗaki a kulle, kai kana cewa in shiga ciki in ɗauko mabuɗi. Wannan kan naka, Gwaggo da ta haife ka ta yi haƙuri."

Daga inuwar darbejiya muryar Kawu ta taso. "Ƙasimu ne? An samo?"

Sai a lokacin Ƙasimu ya lura da shi sosai. Tsoho ya sha babbar riga fara, ya kafa hula, ƙamshin turarensa har ɗaki. Tun azahar yake zaune haka a kan tabarma.

"An samo, Kawu. Wannan ado haka?"

"Amaryata za ta gan ni yau. So kake ta ce tsoho aka ba ta?"

Dariya ta so kama Ƙasimu, amma kunya ta riga ta. Mutumin nan shi ya riƙe shi lokacin da mahaifinsa ya rasu, shi ya tsaya masa har ya samu abin tuƙi. In ganin jikar nan ya kuɓuce masa saboda adon madubi, da wane ido zai kalle shi? Ya fita da gudu, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Faifai na nan yana lilo, sai dai ya sha duniya. Wata mata da ya ɗauko a hanya, ɗanta ya yi ta damƙarsa da hannun alawa, ƙura kuma ta zo ta kwanta a kai. Ya tsinke zaren ya kawo shi a tafin hannu.

Mahbuba ta ɗaga shi ta duba. "Lasa ka yi?"

"Albarkar yara ce."

"Miƙo min ruwa da sabulu, albarkar yara."

Ta wanke shi a hankali, ta share da gefen mayafinta daga tsakiya zuwa baki. Ta danna maɓalli, bakin faifan kwamfutar ya ƙi fitowa, sai da ta cire fil daga ɗankwalinta ta tsokane shi ta wani ɗan rami. Ta ɗora faifai ta tura. Kwamfuta ta kama gurnani irin na injin markaɗe, ta yi shiru, ta sake kamawa.

"Tsohuwar nan tari take," in ji Ƙasimu, amma a ransa salati yake.

"Sa'arka ce. Ku biyun ba a tashe ku da safe sai da turi."

Can sai wani akwati ya buɗe a allo. Mahbuba ta yi ajiyar zuciya, ta danna, ta sake dannawa, wani koren layi ya fara tafiya kamar ba ya so. Da ya kai ƙarshe ta kashe kwamfutar ta kunna. 'Yar fitila ta haska a jikin buzuzun, alamar waifai ta fito a ƙasan allo.

"Kin gani? Siyayyata ce. Hannuna akwai sa'a."

"Sabuluna dai. Kawo wayarka ka buɗe hotsifot mu ari intanet ɗinka, layina ba ya kamawa a unguwar nan."

Ya buɗe yana hura hanci. Sunan wayarsa ya fito a jerin, ta danna shi.

"Lambar sirri?"

Ƙasimu ya miƙo hannu. "Kawo in rubuta da kaina."

"Kai da sai ka yi yawon neman harafi ɗaya kamar mai neman allura? La'asar ta kawo kai. Faɗa."

Ya sunkuyo ya yi raɗa.

"Ban ji ba."

"Jannatuna," ya ce, haƙora a cije.

Mahbuba ta saki linzamin kwamfuta ta tafa hannu. "Baba! Baba, ka ji! Ashe mun yi suruka ba mu sani ba! Wace Jannatun? Ta Gagarawa Tasha mai sayar da awara? Shi ya sa adaidaitarka kullum a can take lalacewa!"

"Ki rufa min asiri, baiwar Allah."

"Yanzu na koma baiwar Allah? Ɗazu baiwarka ce."

"Allah ya sa alheri," in ji Kawu daga waje, ana jin murmushi a muryarsa. "Mu fara gamawa da tawa amaryar tukuna."

Ta rubuta, kwamfuta ta haɗu da waya. Daidai nan aka kira la'asar. Da aka idar, Ƙasimu ya riƙo hannun Kawu ya zaunar da shi a kujera gaban allo, ya gyara masa wuyan riga. Ba a jima ba kira ya shigo. Fuskar Sirajo ta fito, baki a buɗe zai yi sallama, sai ta daskare a haka. Murya ta riƙa zuwa guntu-guntu.

"Me ya faru?" in ji Kawu. "Shi ne wannan? Ban ga yana motsi ba."

"Sabis ne ya yi ƙasa a ɗaki, Baba. Kai, fita da wayar!"

Ƙasimu ya fita ƙofar ɗaki, hoto ya motsa kaɗan. Ya yi gaba har bakin zaure.

"Ka yi nisa, ta sake ka! Dawo!"

Ya dawo tsakar gida.

"Ɗaga hannu. Ƙara. Wannan tsawon naka na banza yau ya samu aiki. Hau turmin nan!"

"Turmi? Namiji da gemunsa?"

"Gemun guda nawa ne? Hau!"

Ya kifa turmi ya hau, ya miƙa hannu sama da waya. Nan take sallamar Sirajo ta cika gidan tar, kamar yana tsaye a ƙofa.

"Yauwa! Kada ka motsa. Ko ƙuda ya sauka a hancinka ka bar shi, baƙonka ne."

"Wallahi in Jannatu ta ji wannan labari, ke ce."

"Hoto ma zan ɗauka in kai mata har Tasha."

Daga kan turmin Ƙasimu ba ya hango allo, sai bayan Kawu da hularsa ta ƙofar ɗaki. Ya ji Sirajo yana cewa, "Baba, ga Nana Firdausi." Ya ga tsoho ya matsa gaba har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ya daɗe a haka har Ƙasimu ya fara tsoron ko wannan allon ma bai isa ba.

"Na gan ta," in ji Kawu. "Wallahi na gan ta. Ga baki, ga ɗan hannu. Matso da ita, Sirajo. Kai, masha Allah." Ya sa hannun riga ya goge ido, sai kuma ya fashe da dariya. "Amma an cuce ni! Kunnuwan Ƙasimu ta ɗauko!"

"Shi ke nan, Yaya," in ji Mahbuba, "in ta yi ƙarya za ku gane."

Ƙasimu ya buɗe baki zai rama, sai ya fasa. Daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa. Kafaɗarsa ta fara zafi, hannu ya gaji, ya tallafe shi da ɗayan. Kawu kuwa hira ta ɓalle, yana yi wa amarya alƙawarin akuya da gonar riɗi, yana tambayar ko ta ga hularsa.

Can Mahbuba ta fito ta tsaya gindin turmi, ta ɗaga kai ta kalle shi. Zufa ta jiƙa masa riga.

"Miƙo wayar in karɓe ka. Je ka ga kunnuwanka."

"Ke? Ke da turmin gaba ɗaya ba ku kai kafaɗata ba. Kina karɓa hoto zai tsaya." Ya gyara tsayuwa. "Bar shi ya more. Ni ina da ido, zan gan ta wata rana."

Mahbuba ta juya. Ta shiga ɗaki, ta fito da kwanon fura mai sanyi a hannu ɗaya, faifan nan a ɗayan, ta zura masa sabon zare. Ta jawo kujerar tsuguno ta taka, ya ɗan ranƙwafo, ta rataya masa shi a wuya, ta cika ludayi ta kai masa baki.

"Ga gyararka, ta halatta. Sha."

Ya kurɓa. "Fura a baki? Wa ake yi wa haka a gidan nan?"

"Ubangida," ta ce tana dariya. "Daga yanzu zuwa magariba kawai."

"Ban ji ba. Ɗaga murya, Damagaram ma su shaida."

"Na ce ubangida! Ranka ya daɗe, ɗaga hannun, hoton amarya na rawa."