Tashar da Na Gina a Gidanmu na Kwargaba

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da na tara dattawa a gidana na Wurno don su ga gwanintata, na ƙare ina neman ramin da zan shige.

Bari in fara daga jirgin. Lokacin da nake aiki a Jamus na ga abin da ya ba ni mamaki: tsofaffi masu furfura suna durƙushe suna wasa da ƙananan jiragen ƙasa a kan tebur, da gidaje kamar akwatin ashana, da gadoji, har da shanu. Na zauna a Sudan, na zauna a Kamaru, ban ga inda babba ke wasa babu kunya haka ba. Na yi musu dariya wata shida, a na bakwai na sayi nawa. Da na yi ritaya na dawo da shi gida (matata Hajiya ta ce da na kawo injin markaɗe da ya fi mana amfani, kuma ban ce ta yi ƙarya ba).

Matsalar ita ce gidajen. Duk na roba ne, da rufi mai tsini saboda ƙanƙara, da tagogi kamar na asibiti. Sai na ƙudura zan mai da su gidanmu na Kwargaba, inda aka haife ni, wanda ambaliya ta cinye shekarun baya. Daga cikin waɗanda suka tashi a gidan nan mu biyu muka rage, ni da yayata Hajo, wadda idonta ya tafi. Ita ta zauna, ni na yi yawo. Ba ta taɓa yi mini gori ba, amma ina so, kafin ɗayanmu ya riga ɗaya, in ji ta faɗa da bakinta cewa ban manta gida ba.

Wata takwas ina aiki. Na yanke rufin da reza, na shafe bangon da laka ta fadama da na tace na kwaɓa da ƙaro. Tsinken tsintsiya ya zama azara, bututun biro ya zama indararo. Ƙwallon goruba na fafe na yi rumbuna uku, na yi musu hular ciyawa. Har rudu na yi, inda Baba ke adana albasa, na cika shi da riɗi da na rina ja. Kusurwar soro kuwa sau huɗu ina rushe zankonta don bai yi mini ba. Ban tambayi kowa komai ba. Ai gidanmu ne, wa zai koya mini?

Saura hanyar jirgi. Kowa ya san jirgin ƙasa bai taɓa taka ƙasarmu ba, iyakarsa Ƙauran Namoda, amma tunda tebur nawa ne, sai na ba Kwargaba jirgi. A tunanina akwai wani fili tsakanin rumbuna da ɗakin girki, inda ake ɗaure awaki muna yara. Nan na bi da layin, na kafa tasha mai kyau, har da benci.

Ranar Asabar aka ɗauko Yaya Hajo a mota. Na kuma gayyato abokai uku, cikinsu har da Buba na Gandi, taubashina, wanda bakinsa ya fi reza kaifi. Yana shigowa ya riƙe haɓa.

"Kai, Bature! Wata takwas muna cewa ko littafi kaka rubutawa, ashe ɗiyan tsana kaka yi wa gida?"

"Zamna ka ga ilimi," na ce.

Na yi musu jawabi, Allah ya yafe mini. Na faɗi yadda Jamusawa ke aunawa, na kwatanta soronmu da na Omdurman, na jefa Faransanci inda Hausa ta isa. Buba ya ce in an gama huɗuba a tashe shi. Sannan na kama hannun Yaya na ɗora a kan zaure.

Yatsunta suka yi ta tafiya a kansa. Sai fuskarta ta saki.

"Zauren Baba na," ta ce. "Har da dakalin. Kai, Auta!"

(Na haura saba'in, amma a bakinta Auta nake.)

Ta shafa rumbuna ta ƙirga su, ta taɓa rudu ta yi dariya, ta ce albasar ta yi ƙanana, bana ba a sa taki ba. Ni kuwa kaina ya kumbura, sai na danna makunni. Jirgi ya tashi, ya yi kuka, dattawa suka yi salati. Ya zagayo rumbuna, ya zo ya bugi yatsanta, ya faɗi gefe yana ta ƙara.

"Kashe shi," ta ce. Na kashe.

Ta bi layin da yatsa a hankali, ta tsaya a kan rufin tashar.

"Mi na nan?"

"Tasha ta, Yaya. Wurin awaki na nan, babu kowa, shi ya sa..."

"Ina ɗakin Inna?"

Na kai hannunta wancan gefen, kusa da rijiya. "Ga shi nan."

"Wanga na amarcinta na. Ina wanda tak kwanta?"

Ban gane ba, kuma abin kunyar ke nan, har murmushi nake yi. Ta janye hannunta ta mai da shi kan tashar. Ba ta ɗaga murya ba.

"Da ƙafafunta sunka mutu, nan munka gina mata ɗaki, don in riƙa jin kiranta ina girki. Shekara huɗu tana ciki. Ita tac ce a yi ƙofar ta dubi zaure, wai ranar da kaz zo ta riga kowa ganinka." Ta ɗan taɓa benci. "Bisa gadonta ka aza jirgi, Auta."

Shekara huɗun nan ina Jamus, ina aiko wasiƙu da magani, kullum ina cewa sai hutu mai zuwa. Na iso bayan sadakar bakwai, na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa. Yanzu kuma, a gaban tebur ɗin nan, sai na ji bakina ya ce, "Ban taɓa ganin ɗakin ba."

"Ka gan shi. Ka wuce ta ƙofarshi kana gaisawa da mata. Ba ka tambaya ba, ni ko ban hwaɗi ba."

Na saba Buba ya cece ni da zolaya. Ranar nan kuwa, hularsa ya cire yana duban cikinta. Sauran biyun suka tuna la'asar ta kusa, alhali rana na tsaka.

Da suka fita na ɗauko reza na cire tashar, na ɓamɓare layin da ya bi ta wurin. Yaya ta ce ba ta ce in rushe ba. Na ce na sani. Na kawo laka, ta zauna kusa da ni tana faɗa ina ginawa: ɗakin bai kai na girki tsawo ba, rufin kara ne ba soro ba, akwai 'yar taga ta gabas. Kwana uku ta yi a gidana. Da ya bushe ta zura ƙaramin yatsanta ta ƙofar, ta miƙe shi har ya taɓa zaure.

"Haka shike," ta ce. Iyakar abin da ta ce ke nan. Kalmar da na yi wata takwas ina jira ba ta zo ba, ni ma ban ga fuskar roƙonta ba. Da damina Yaya ta rasu.

Yanzu layin ya yanke, jirgi ba ya zagayawa. Yakan zo bayan ɗakin ya tsaya, in mai da shi baya. Baƙi na tambaya ko lalacewa ya yi, in ce musu a'a.

Wani tsoho a Jamus ya koya mini in auna sau biyu kafin in yanka sau ɗaya, na kuma kiyaye. Abin da bai faɗa mini ba shi ne, in za ka gina gidanku, ko na laka da tsinke ne a kan tebur, ajiye ma'auni tukuna, ka je ka tambayi wanda ya zauna.