Yadda Za Ka Yi Magana da Jan-baki Idan an Kama Ka Kana Barci a Gona

Ɗan'uwa, ni ne Istifanus na Maska, wanda tsuntsaye suka sani. Bi matakan nan, na yi maka alkawari cikin mako guda za a daina ce maka malalaci, a koma ce maka mai baiwa. A kaina na gwada.

Mataki na 1: Kada ka zabura

Matata Fibi ta tura ni fadama in kori jan-baki daga shinkafarmu, wadda da ita za mu ci har baɗi. Na sami inuwar kanya, na ce bari in miƙe bayana kaɗan. Da ta kawo abincin rana, ta tarar da ni baki buɗe, tsuntsaye kuwa sun rufe gonar baƙi ƙirin.

A nan jahili yake zabura. Kai kada ka motsa. Buɗe ido ɗaya a hankali, ka dube ta kamar daga wata duniya ka dawo.

Mataki na 2: Riga ta yin fushi

"Baban Judith, barci kake yi?"

"Kash! Maman Judith, kin katse mu. Saura kaɗan mu daidaita da shugabansu."

Lura: wanda ya fara ɓata rai, shi ne mai gaskiya.

Mataki na 3: Kawo bayanin da ba a iya gani

Gaya mata kowane mai rai yana da wani siririn lantarki a jiki, kamar sabis ɗin waya. Na tsuntsu yana sama, na mutum yana ƙasa, ba sa haɗuwa sai mutum ya kwanta ya bar hankalinsa ya fita. Idan ta ce ta ji minshari, ce mata gaisuwarsu ke nan.

Mataki na 4: Duk abin da ya faru, aikinka ne

Muna cikin haka sai ga shaho ya yi shawagi. Jan-baki suka tashi fir, ko ɗaya bai rage ba. Na ɗaga hannu na ce, "Ku gaida gida!" Fibi ta ajiye kwano, ta daɗe tana kallona. Na ɗauka mamaki ne.

Mataki na 5: Karɓi baƙi

Kafin Lahadi labari ya kai Funtua. Maƙwabcinmu Malam Sanda ya zo da damin rake.

"Malam Istifanus, don Allah ka sa baki, sun gama mini dawa."

Na rufe ido, na yi ɗan rawar jiki. "Sun ce za su zauna da manyansu."

Kada ka taɓa ba da rana. Tsuntsu ba ya da kalanda.

Mataki na 6: Guji zabuwa

Wannan matakin ban san da shi ba sai da na faɗa ciki. Ranar Lahadi bayan sujada a coci, a gaban matan zumunta kaf, Fibi ta ce, "Zabuwata tana zuba ƙwai a daji, na rasa wurin. Baban Judith zai tambaye ta."

Mata suka yi guɗa. Ina zan ce a'a?

Kwana uku ina bin zabuwar nan da rarrafe, cikin ƙaya da ƙaiƙayi, rana na dukana. Ko jaki bai taɓa ba ni wahala haka ba. A rana ta uku na ga ta shige gindin wata sabara. Na koma gida ina ɗingishi, gwiwa duk jini.

"Ta faɗa mini! Gindin sabara, bayan gonar Haladu."

Fibi ta buɗe ƙwarya. Ƙwai goma sha bakwai.

"Ai ni ma ta faɗa mini tun ranar Litinin," in ji ta. "Ashe baiwar nan ana ɗaukarta a gida."

Mataki na 7: Yi shiru

Tun ranar Fibi take jin tsuntsaye fiye da ni. Kurciya ta gaya mata ranar da na ce na je neman taki, a teburin mai shayi na wuni. Hankaka ya shaida mata ni na cinye naman da muka ɗora wa kyanwa laifinsa. Na buɗe baki zan ce tsuntsu ba ya magana, sai na tuna wanda ya fara cewa yana yi.

Yanzu da sassafe nake fadama, a tsaye, ina kaɗa gwangwani da tsakuwa ina ihu har muryata ta dushe. Belbela ɗaya na bin bayana kullum. Fibi ta ce ita ta sa ta.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa dawa, mutunci ko fatar gwiwa, babu ruwan Istifanus. Ya kai ƙararsa wurin Maman Judith. Ba sai ya yi dogon bayani ba, an riga an gaya mata.