Ranar da na kashe injin Dokta Ishaya

Ina da shekara arba'in na gama ajin yaƙi da jahilci. Lokacin masaƙu na tashe, ni kuwa ina shara a wani ɗakin bincike a Kakuri. Takardar farko da na karanta da kaina tana manne a ƙofa: a kashe kayan wuta kafin a tashi.

Ran Juma'a na tarar da injin awo mai maganaɗisu na Dokta Ishaya, wani masanin da ke bincike a wurin, yana ta gurnani, ba kowa. Na ce a raina, ashe masu digiri ma ba sa karatu. Na kashe shi, har na bar masa wasiƙar faɗa.

Ran Litinin na same shi zaune a ƙasa da wasiƙata.

Ya ce, "Mama, wani sinadarin furotin na dafin kububuwa ke cikin injin. Alamarsa ba ƙarfi, sai injin ya auna sau dubbai yana tarawa, kamar cika randa da ɗigon famfo. Wata huɗu ina tace shi, ga shi ya lalace."

Na ce, "To da ka rubuta a ƙofa mana."

Ya kuwa rubuta cewa kada a kashe wannan injin, har da sunana. Har yau in aka ɗauke wuta a wajenmu, Unguwar Mu'azu, sai maƙwabta su leƙo: "Mama, yau kuma wa kika bar wa wasiƙa?"