Yadda Ake Komawa Kiɗan Ƙarfe da Sanƙo a Ka

Kai mawaƙin punk, kiɗan 'yan tawaye, na garin Lobatse da gwiwa ta fara yi wa ƙara, matso. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin damina ka zama ɗan metal, kiɗan ƙarfe. Gaolatlhe, ɗan ƙanwata, a garejina ya bi su. Kunnena na hagu shaida ne.

1. Ja waƙar
Waƙarka takan ƙare kafin shayi ya huce. Kada ka rubuta sabuwa, rage mata gudu har ta kai dahuwar naman seswaa, mai wuni a kan wuta. Inda kake zagin 'yan majalisa, sa dodanni. Dodo ba ya kai ƙara kotu.

2. Sake suna
Su Gaolatlhe sun tashi daga "Kwandon Shara" sun koma "Kabarin Kura". Masana suka ce kiɗansu ya balaga. Ni dai tumbi na ga ya hana tsalle.

3. Shiga fata
Wando, riga, takalmi, duk baƙar fata, a zafin Oktoba. In ka suma, ka ce salo ne.

4. Tara gashi
A nan gizo ke saƙar. Ɗan punk ƙwal yake aske kai, ɗan ƙarfe kuwa gashi yake kaɗawa. Kowa ya ajiye reza, kai ya cika. Gaolatlhe ya ajiye tasa, asiri ya tonu: ashe duk shekarun nan ba tawaye yake ba, sanƙo yake ɓoyewa.

Phenyo mai jita ya ce, "Mutumina, me za ka kaɗa a bikin kiɗa na garin Ghanzi, kunnuwa?"

"Ni fa na kafa ƙungiyar nan!"

"Mun gode. Akwai wani a garin Kanye, gashi har gadon baya. Ko ka nemo, ko ka miƙa masa makirufo."

5. Ara wajen manya
Gaolatlhe ya same ni yana sosa ƙeya. "Inna, gashin kantin nan naki na zuwa coci..."

Na ba shi, na ce ya kafe shi da fil. Ya ce ɗan ƙarfe ba ya sa fil.

6. Kaɗa kai
A Ghanzi yana cikin kaɗawa gashi ya tashi sama, ya faɗa tsakiyar taro. Ganga ta tsaya. Gaolatlhe ya tsaya, sanƙo na ƙyalli, don kunya ya saki wani gurnani da bai taɓa yi ba. Jama'a suka haukace, wai mawaƙi ya fige kansa saboda kiɗa.

Phenyo ya raɗa masa, "Makirufo taka ce. Amma gobe ma sai ka fige."

Gargaɗi
Ciwon wuya, ƙurajen zafi da kurumta ba su shafi mai wannan rubutu ba. Wanda kuma innarsa ta je coci da ɗankwali har matan zumunta suka tambaye ta ko lafiya, shi ya san inda zai ci abincin Lahadi. Ba gidana ba.