Tuwon Nimsa

Ƙamshin man shanu da albasa ya cika gidanmu na unguwar Utaibiyya, a ƙasa mai tsarki, ranar da na karɓi girkin buɗa-baki daga hannun Umma. Na yi alkawarin shurba, miyar sha ta dankalin Turawa irin ta Ostiriya, wato Nimsa, mai laushi kamar gajimare. Don ta ƙara laushi, na daɗe ina markaɗa ta a inji. Da na tsoma ludayi, sai ya tsaya ƙyam. Na ƙara madara, ta ƙara danƙo. Na rasa inda na kuskure.

Aka kira magariba. Kakata ta gutsura da hannu, ta ce, "Tuwon ya yi, ya binti. Ina miyar?"

Har yau ƙannena na tambayar yaushe zan sake tuƙa tuwon Nimsa. Sai bayan aurena na ji cewa markaɗen inji ne ke mayar da dafaffen dankali danƙo.