Rasuwar Alhaji Shiru, Jirgin Masahudu Kafinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da bai bushe ba tukuna, ni Ajara mai wanki da guga ta unguwar Lamashegu a Tamale, matar marigayi Masahudu kafinta, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da masu kawo mini wanki rasuwar Alhaji Shiru, ɗan jirgin sama na itace da takarda wanda muka zauna ɗaki ɗaya da shi tun maigidana yana raye. Ya rasu ranar Lahadin da ta wuce da hantsi, a filin ƙwallon da ke bayan Kalpohin, a gaban idona.

Ga waɗanda ba su san shi ba, marigayin ba shi da inji. Ba ya shan mai, ba ya cin batir. In na buɗe hannuwana biyu, to faɗin fukafukansa ke nan, amma nauyinsa bai kai na tattabara ba. A cikin kwali ya zo gidanmu. Wani mutum da maigidana ya yi wa ƙofofi ne ya bar masa shi da zai tashi daga Tamale. Siraran itace ne a ciki, wai shi balsa, mai laushi kamar cikin karan dawa. Maigidana da ya tsufa yana fama da katakon odum mai tauri sai ga shi ya danna farce a jikin itace ya lotsa. Ya yi dariya har ya zauna.

Kullum in ya rufe shago bayan La'asar, sai ya shimfiɗa takardar zane a kan wani katako mai santsi, ya yanka haƙarƙarin fiffike da reza ɗaya bayan ɗaya, ya kafe su da allurai, ya ɗiga gam, ya zauna yana jira. Yatsunsa manya ne, duk kanta. In ya karya haƙarƙari ɗaya sai ya ba shi haƙuri, ya sake yanka wani. Ban taɓa ganin ya lallaɓa wani abu haka ba, in ban da 'yarmu Bashiratu ranar da aka haife ta.

Ƙanin maigidana Abdulgafaru mai motoking, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, shi ne ya raɗa wa marigayin suna. Duk zuwan da zai yi sai ya tambaya ko an fara rubuta sunayen maniyyata, shi a ajiye masa kujerar bakin taga, kuma a gaya wa Alhaji kada ya tashi sai ya dawo daga kasuwa. Unguwa ta ɗauka. Har yara masu sayen koko suna tambayar yaushe Alhajin Masahudu zai tafi Makka. Maigidana bai taɓa yin fushi ba. Abu ɗaya yake cewa, zai tashi, kuma Abdulgafaru zai gani da idonsa.

Da aka zo rufe jikinsa da farar takarda mai shara-shara, sai aiki ya tsaya. Dole a jiƙa takardar kaɗan don in ta bushe ta ɗame, amma in maigidana ya yayyafa ruwa da yatsa sai ɗigon ya yi girma, takarda ta huje. Wata rana yana kallona ina guga, na guntsi ruwa na fesa wa riga da baki kamar yadda uwata ta koya mini. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya kira ni. Ni na fesa wa Alhaji Shiru ruwa, jiki da wutsiya da fiffiken dama. Takarda ta saki, ta yamutse kamar fatar tsohuwa, na tsorata na ce na ɓata masa aiki. Da ta bushe sai ta miƙe tas. Ya ƙwanƙwasa ta da farce, ta ce tam, tam, kamar ƙaramar ganga. Wannan ita ce muryar marigayin ta farko. Maigidana ya ce ranar da zai tashi, da numfashina zai tashi.

Saura fiffiken hagu kaɗai, hawan jini ya kayar da maigidana a shago. Bai sake magana ba.

A cikin takaba na rufe fiffiken. Gam ya bushe a kwalba, ga shi ba na fita, sai na dama sitacin rogo irin wanda nake sa wa kaya, na manna takardar da shi, na fesa mata ruwa, ruwan ma rabinsa hawaye. Ta ɗame. Na rataye shi da zare a saman gadonmu.

Ina shaida cewa marigayin mai haƙuri ne. Shekaru yana rataye bai taɓa neman komai ba. In fanka tana juyawa sai ya juya a hankali, ya dubi ƙofa, ya dawo ya dube ni, takardarsa tana cewa ras, ras. In an ɗauke wuta sai ya tsaya cik, mu yi shiru tare. A fiffikensa na dama akwai shatin babban yatsan maigidana, inda gam ya kama shi. Duk wanda ya ce in ba shi jirgin ya gwada, hana shi nake yi. Abin da ya rage mini na hannun Masahudu ke nan, kuma na san abin da aka jefa sama ba lallai ya dawo yadda ya tafi ba.

Ciwon ajalinsa ya fara da daminar bana. Kyankyasai suka gano sitacin. Suka bar duk inda gam yake, suka bi fiffiken hagu suna ci, kowace safiya in tarar da sabon rami. Na yi faci, suka ci facin. Na sa magani, suka dawo. Muryarsa ta canja, in na taɓa shi sai ya ce fal, fal, kamar tsohon ganye. Bashiratu ce ta zaunar da ni ta gaya mini gaskiya, cewa in na ci gaba da ɓoye shi a zaren nan zai ƙare a cikin ƙwari, kuma maganar babanta za ta zauna abin dariya har abada.

Na yi masa faci na ƙarshe. Abdulgafaru ya ɗauke mu a motoking, ni a baya na rungume marigayin cikin mayafi, yana ta tsokanata wai matar yaya za ta raka Alhaji filin jirgi. Na ɗora shi a kan yatsu biyu ƙarƙashin fukafukai kamar yadda maigidana yake yi, ya tsaya daidai. Bashiratu ta maƙala dogon zare a ƙugiyar cikinsa, ta cire takalmi ta ruga tana fuskantar iska. Na yi bisimilla na sake shi.

Jama'a, ya tashi.

Ya wuce kaina yana cewa shuuu, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ya hau, zaren ya faɗo, shi bai faɗo ba. Ya wuce tsayin itacen mangwaro, ya zagaya filin, rana tana ratsa takardarsa har ina ƙirga haƙarƙarin da maigidana ya yanka. Masu ƙwallo suka tsaya. Wata shirwa ta zo ta duba shi ta wuce. Abdulgafaru ya cire hula ya riƙe a ƙirji, bakinsa a buɗe, ba tsokana ko ɗaya.

A zagaye na gaba takardar hagu ta ɓalle daga inda ƙwari suka ci. Ya karkata, ya juya, ya sauko da ka a kan jar ƙasa mai tauri. Maganarsa ta ƙarshe ƙas ce, guda ɗaya, kamar an karya tsinke. Abdulgafaru ne ya riga kowa isa. Ya durƙusa ya tsince gutsattsarin cikin hularsa, yana kuka yana kiran sunan yayansa, yana gaya masa ya gani, ya gani.

Marigayin ya rasu ya bar ni. Ya bar Bashiratu, wadda ta roƙi guntun fiffike mai shatin yatsan babanta, na kuma ba ta. Ya bar katakon da aka haife shi a kai, duk ramukan allura, da tsohuwar reza, da ƙusa da zaren da ke saman gado. Zaren har yanzu yana juyawa in an kunna fanka, shi ya sa na koma kwana a tabarma. Kyankyasai ba sa cikin magada.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan La'asar, lokacin da ya saba ganin mai shi, a gindin dogonyaron da ke bayan shagon Masahudu. Za a naɗe shi a cikin takardar zanensa. Maƙwabciyar da ta ce itacen zai yi daɗin hura wuta, na yafe mata, amma kada ta zo da ashana. Ba za a yi masa salla ba, na san itace ne, hankalina bai gushe ba. Mai addu'a ya yi wa Masahudu, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Akwai koko da ƙosai ga wanda ya zo.

Abdulgafaru zai haƙa ramin, amma ba shi zai sa shi ba. Ranar da aka ɗauki maigidana, a bakin ƙofa na tsaya kamar yadda mata suke tsayawa, ina kallo har makara ta sha kwana. Wannan kam ni zan ɗauke shi, ni zan raka shi har rami, ni zan rufe shi da hannuna.