Ƙafar Sarki da Lambun Dandali

"Ta ina zai bi?" in ji Kande Bushiya, fartanya ta suɓuce mata.

"Ta tsakiya mana," in ji Barmo Kurege. "Waziri ya ce Sarki ba ya raɓe-raɓe. Ta gabas zai shigo, ya ratsa lambun, ya fita ta yamma, 'yan majalisa na biye, ana busa ƙaho."

"Toron Giwa? A cikin alayyafona?"

"Alayyafonmu dai, ranki ya daɗe. Ni ma na zubar da gumi."

Kande ba ta yi dariya ba. Ta dubi dandalin Birnin Kurmi, hawaye ya cika mata ido. A nan kakanninta suka yi gaɗa. Da wurin ya fara lalacewa, majalisa ta kafa kwamitin gyara, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti, dandali kuwa ya zama juji. Har aka naɗa Ungulu Sarkin Juji, don a shaida cewa hukuma ba ta manta da wurin ba. Da wari ya ishi Kande a bakin raminta, sai ta kira gayya. Gafiya ta yi kaftu, Buzuzu ya mirgino taki, tattabaru suka kawo iri a baki. Yanzu ga yakuwa ta yi jajir, kuɓewa ta yi fure, tsofaffi sun dawo hira gindin zogale. Barmo ma ya dasa lalle a gefen alayyafonta, wai don inuwa. Tsiron bai isa ya yi wa tururuwa inuwa ba, amma shi take fara ba ruwa kullum, idan ta tabbata Barmo ba ya kallo.

"Zan je majalisa," ta ce.

"Ke da kike dunƙulewa idan ganye ya faɗo?"

"To ka mirgina ni har can."

Majalisa ta zauna gindin kuka. Waziri Dila ya miƙe, ya gyara murya.

"Allah ya ja zamanin Toro, mai tafiya ƙasa na rawa! Jama'a, ku dubi hangen nesa irin na manya. Da mun gyara dandalin nan tun farko, ina talaka zai sami jujin da zai gyara? Mun bar shi ya lalace ne domin mu ba ku dama. Tun da dabarar ta yi kyau, gobe Mai Martaba zai taka lambun da ƙafarsa mai albarka, daga wannan kusurwa zuwa waccan."

'Yan majalisa suka ce, "Gaskiya ne!" Wasu ma barci suke, amma bakinsu ya saba.

Kande ta fito fili. Jikinta na roƙonta ta dunƙule. Barmo ya matso har jelarsa ta taɓa ta, ƙaya ta soke shi, bai ja da baya ba.

"Ranka ya daɗe," ta ce, muryarta kamar zare, "ƙafarka ɗaya ta fi gonata faɗi. In ka shiga, jibi sai a mayar wa Ungulu sarautarsa."

Waziri ya daka tsawa: "Ke 'yar ƙaya! A gaban wa kike?"

Amma Sarki ya sunkuya yana kallon ƙafafunsa. An sha yi musu kirari, ba a taɓa gaya masa girmansu ba. Ya ɗaga guda, ya ga ramin da ta bari, ya ajiye ta a hankali.

"Wato kowa yana da wuri a dandalin nan ban da ni," ya ce. A muryarsa babu fushi, sai wani abu mai kama da maraici. Nan take tausayi ya kama Kande, ta manta da tsoro.

"Ba haka ba ne, Baba. Gayya ce. Ba a shiga gayya hannu rabbana, kowa da abin da Allah ya hore masa yake zuwa."

"Me ya rage ba a kawo ba?"

"Ruwa. Da ƙoƙo muke jido daga tafki. Kafin rana ta take, ƙafafunmu sun mutu, shukar kuma ba ta ƙoshi ba."

Sarki ya tashi ya nufi tafki, majalisa ta bi shi a guje. Ya cika hancinsa, ya dawo ya tsaya a bakin lambun, nesa da shinge, ya ɗaga hancin sama ya fesa. Ruwa ya sauko yaf-yaf kamar na farkon damina. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, 'ya'yan zomaye suka shiga tsalle suna ihu, Kande na dariya tana kuka, Barmo ya jiƙe sharkaf yana kare tsiron lalle da jelarsa. Sarki kansa ya yi dariyar da ta kori tsuntsaye daga kan kuka.

Waziri ya yarfe ruwa daga kunnensa, ya ce, "Abin da nake nufi ke nan tun ɗazu! Mai Martaba ne ya ƙago ban-ruwa. Sai a kafa kwamiti..."

"Waziri," in ji Sarki, "kai me ka zo da shi gayyar?"

"Baki, ranka ya daɗe."

"Madalla, baki na ɗaukar kwando." Ya juya ga jama'a, ya ɗaga murya har ganye na motsi. "Ku ji! Babu biki gobe. Kowace safiya ni ne mai ban-ruwa, kuma ƙafata ba za ta tsallake shingen nan ba. Majalisa kuwa daga yau a nan za ta riƙa zama, kuma ba wanda zai yi jawabi sai ya kawo kwandon taki!"